Ƙasar Gonar Baba a Ƙyalle

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau nake, aikin ma ba wuya sai tsayuwa. Kwalabe nake wankewa a ɗakin gwajin ƙasa. Masu yin gwajin suna da difloma ta shekara biyu, ni kuwa takardar sakandare, don haka na'urar gwajin sai kallo.

Ka rubuto cewa ganyen masara ya sake komawa ruwan ɗorawa a gonar Baba, Inna kuma tana jiran amsa daga wurina. Ranar da na taho na ɗebi ƙasar gonar a ƙyalle, har na rubuta hakan a ɗan littafina na tuni. Sati biyu ina shakka kafin na kai wa mai gwajinmu.

Ta tambayi inda na ɗebo. Na ce bakin gona, inda Baba ke ɗaure jaki. Ta yi dariya ta ce, "Kawu, ai jakinku zan gwada, ba gonarku ba! Sai an haƙo wuri goma sha biyar, zurfin taƙi guda, an gauraya." Ta dai gwada don kada in ji kunya. Sakamako ya nuna ƙasa lafiyayya saboda kashin jakin, ƙasar kuma ta ƙare a ruwan gwaji.

Yaya, ban san abin da zan ce ka zuba wa gonar ba. In akwai mai irin takardarsu kusa da ku, ka neme shi kafin shuka. Ka ce wa Inna ana kan bincike. Ƙyallen na ninke shi cikin littafin, ban iya wanke shi ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙaninka