Baƙin Wuyan Afra'u

Dutse,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Gaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙarfin jikin Inna? Ya mutanen Aujara?

Yaya, sai yau na iya cin abinci, rabona da shi kwana huɗu. Kin tuna baƙin nan da ya zagaye wuyan Afra'u, wanda kika ce dauɗa ce har kika aiko mini da sabulun salo? To wata uku ina dirzar 'yar nan tawa da soso. Ni kuma da bakin nan nawa, ba gorin da ban yi mata ba: ƙatuwa da ita, shekara tara, ba ta iya wanka ba. Tana kuka ina ƙara dirzawa.

Ranar Asabar na kai ta asibiti saboda haki, don ko Islamiyya za ta je sai ta huta a hanya. Likitar tana ɗaga mata haɓa ta ce wannan ba dauɗa ba ce, ƙiba ke kawo shi, kuma sau da yawa gargaɗin ciwon sukari ne. Kin san ciwon nan ne ya cinye ƙafar Baba. Likitar ta ce a da sai ta yi wata ba ta ga yaro mai irin wannan ba, yanzu kusan kullum, kuma duk duniya abin ƙaruwa yake. In ba a tashi tsaye ba, wai yaranmu za su riga mu fara shan maganin hawan jini. Mu kuwa muna ta taƙama da kumatunta.

An ɗebi jininta, yau sakamako ya fito. Babu sukari, Yaya! Alhamdulillahi, wai mun zo da wuri. A cikin adaidaita na fashe da kuka, mutane suka ɗauka rasuwa aka yi mini. Lemon kwalba da biskit sun bar gidan nan, kuma kullum bayan la'asar za mu riƙa takawa ni da ita.

Da muka dawo na zaunar da ita na ba ta haƙuri. Ta dube ni ta ce, "Umma, wallahi kullum ina wankewa." Kunya ta hana ni haɗa ido da ita har yanzu.

Ki gaishe mini da Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Safina.