Jinin Hadiza a Hanyar Sakkwato

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya ruwan Legas? Mu nan Goronyo lafiya, sai jikin ɗiyata Hadiza.

Likita ya ɗibi jininta, na kai Sakkwato don a yi rainon ƙwayoyin garkuwar jikinta a ɗakin gwaji, a ga ko suna hayayyafa. Ya ce kada sanyi ya taɓa kwalbar. Inna ta nace in sa ƙanƙara kamar maganin rigakafi. Na ƙi, na sa kwalbar a aljihuna. To amma an yi rana bisa babur, ban san mi zafin ya yi musu ba. Jibi za mu ji, kuma Hadiza ba ta da ƙarfin a sake ɗiba.

Gaida Asabe da yara. Ku roƙa muna Allah ƙwayoyin nan su rayu.

Ƙanenka,
Umaru