Ikilima Ta Ƙi Komawa Kan Sikeli

Bukan Sidi, garin Lafiya.

Zuwa ga Yaya Mahmuda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zuhra da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a zaman Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Musaddiq ya koma makaranta, Usaina ta yaye ɗanta, doyar gonar Doma ta yi kyau bana. Abin da ya rage shi ne maganar ƙanwarmu Ikilima, kuma saboda ita na ɗauki biro, don a waya kana katse ni.

Shayin rage ƙiba da ka aiko mata ya iso. Ga sauran nan na haɗo maka da wannan takarda, ta sha rabi kafin in ƙwace. Na san da zuciya ɗaya ka saya, shi ya sa nake so ka ji inda ya same ta.

Ka san Ikilima jikin Inna ta ɗauko, tun tana budurwa haka take. A asibitin da take karɓar maganin suga, sikeli yana tsakiyar barandar da ake jira. Kowa sai ya hau, nas ta ɗaga murya ta faɗi nauyinsa don mai rubutu da ke can ƙarshe ta ji, maza da mata suna zaune. Wata rana nas ɗin ta ce mata ta hau a hankali, sikelin guda ɗaya gare su. Aka yi dariya, ita ma ta taya su, ta dawo gida ta shige ɗaki. Kuma kafin ta shiga wurin likita katinta ya riga ta, da nauyin a samansa. In ta ce ƙafafunta suna kumbura, a ce ta rage ci. In ta ce numfashi yana gagararta, a ce nauyi ne. Da ta ce fitsarinta yana kumfa kamar ruwan wanki, likitan bai ɗago kai ba, ya tambaye ta asalinta, da ya ji daga Awe muke, garin da ake yin gishiri, sai ya ce ai ga amsa nan, gishiri da sakwara. Na sha raka ta, Yaya, ban taɓa ganin wanda ya kai hannu jikinta ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a can, in mai ɗakin tana da jiki, ba a tambayarta.

A unguwa kuma mata sai barka suke mata, wai ta yi kyau, hankali ya kwanta. Nan ana yabo, can ana zagi, babu wanda ya ce ciwo ne. Ta bar tuwo, ta bar doya, tana haɗiyar maganin suga ciki babu komai, nauyi kuwa sai ƙaruwa yake. Likita ya ce a ɓoye take ci. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu muka kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Wata Dakta Erdoo ta danna yatsa a ƙaurinta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta sa aka auna jini da fitsari. Ƙoda ce, Yaya. Sugan ya ci ƙodar, abin da sikeli yake ƙirgawa ruwa ne ya taru. Ta ce da tun bara aka yi wannan awon da an tare da yawa, ta ce kuma a raba ta da shayin nan maza.

Yanzu an tura ta wurin likitan ƙoda, a asibitin nan dai mai baranda. Ta rantse ba za ta koma ba, wai gara ta mutu a ɗakinta da mutuncinta. Abinci ma sai da faɗa. Na yi lallashi, na yi masifa, ta ce ai ko Yaya ya ga laifinta ne, tunda ya aiko shayi. Tun rasuwar Baba maganarka ce hukunci a wurinta. Don haka kada ka aiko komai. Ka kira ta, ka ce mata da bakinka ba cinta ne ya jawo ba, ka ce ta ci abinci, ta shirya zuwa ganin likitan ƙodar ranar Alhamis. Sauran ka bar mini. Ni zan tsaya a gaban sikelin, in nas ta ɗaga murya za ta ji wadda ta fi tata, ba a banza na tsufa ina koyarwa a gaban allo ba.

Ka gaida Anti Zuhra, da Muhyiddin, da Juwairiya sarkin surutu. Mai gidana yana gaishe ka. Ikilima ba ta ba ni saƙon gaisuwa ba, don ba ta san na rubuto ba, amma wayarta tana gefen filonta.

Ƙanwarka,
Sailuba