Idan Mutum-mutumi Kuke Nema, Ga Ni, Ku Bar 'Yata

Zuwa ga Shugaban kwalejin da 'yata take karatu a Haɗeja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da aiki, kai da malamai da sauran ma'aikata. Yaya aka ji da ruwa? Allah ya mayar wa waɗanda ambaliya ta ci gonakinsu da mafi alheri.

Ni mai bandar kifi ce a wani ƙauye kusa da Guri. Sai da furfura ta fara fito mini sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta. Ban ambaci sunan kwalejinka ba, domin takardar shaidar 'yata tana hannunku, kuma ina jin tsoro. Ban ambaci sunan yarinyar ba, domin 'yar fari ce, tun da na haife ta bakina bai taɓa kiran sunanta ba. Amma ba ka buƙatar suna. Ita ce mai farin hijabi a kujerar bakin taga, a bidiyon nan da ya zaga gari. Na tabbata ya iso wayarka. Ban sani ba ko kai ma ka yi dariya.

Na ɗaya, maganar ɗakin kwamfutocinku. Ranar da aka karɓi sababbin ɗalibai an gaya musu kwaleji tana da laburare na intanet, wai littattafan da ke ciki babu ginin da zai ɗauke su, wai ko daga gida ɗalibi zai buɗe a wayarsa ya karanta. Ta zo hutu ta ba ni labari, ni kuma na kwashe na kai wa matan da muke banda tare, ina ta cika baki. Yanzu tana shekararta ta ƙarshe. Kafin ranar da zan ba ka labari, ƙafarta ba ta taɓa taka ɗakin ba. Kullum a kulle yake. Lambar sirrin da ake shiga da ita mutum ɗaya ne yake bayarwa. Da damina a ce yana gona, da shinkafa ta fara nuna a ce yana korar tsuntsayen jan-baki, da rani a ce injin wuta ba mai. Ba ɗalibai kaɗai ba: wani malaminsu ya faɗa musu a cikin aji cewa shi ma ya gaji da sintiri, ya koma kan tsohon littafin da ya yi karatu da shi yana saurayi. To wa aka buɗe wa wannan laburare, ranka ya daɗe?

Na biyu, ranar baƙi. Da aka ji masu duba makarantu za su zo, sai jami'in da ke kula da ɗakin ya bi aji-aji yana zaɓen ɗaliban da za su zauna a gaban kwamfutoci. Bai tambayi wanda ya iya ba. Fuska ya duba da tsaftar tufafi. Aka zaɓi 'yata. Ta kira ni daga gidan gwaggonta inda take zaune, cike da murna, ta ce, Inna, gobe zan shiga. Ta wanke hijabinta ta goge da dutsen guga na gawayi. Ni kuma na yi ta addu'a, ina zaton daraja ce ta same mu.

Abin da ya faru a ciki, ba daga bakinta na ji ba, don har yau ba ta iya faɗa. Ƙawarta Rifkatu ce ta ba ni labari, yarinyar kudancin Kaduna da mahaifinta yake aikin gwamnati a Haɗeja, ita ce ta zauna kusa da ita. Rifkatu ta ce an kunna kwamfutocin tun kafin su shiga, an buɗe wa kowa shafin wani littafi, aka ce su ɗora hannu a kan ɗan abin nan da ake ja, su kafa ido, kada kowa ya danna komai, kada kowa ya ɗago kai. A gonar shinkafa ma haka muke yi. Mu kafa sanda, mu sa mata tsohuwar riga da hula, tsuntsu ya hango ya ɗauka mutum ne. Bambancin kawai, mu ba ma kafa 'ya'yan mutane.

Sai wata daga cikin baƙin, dattijuwa mai fara'a, ta tsaya a kan 'yata, ta ce ta nemo mata wani littafi na fannin da take karantawa. Yarinya ta danna, shafin ya ɓace, kwamfuta ta nemi lambar sirri. Lambar da ta yi shekaru tana bin ku ku ba ta. Ta juya wajen jami'inku, cikin ladabi, kamar yadda na koya mata, ta ce, Malam, in danna ina?

Na uku, amsar da ya bayar. Bai ba ta amsa ba. Baƙin ya fuskanta, ya yi murmushi, ya ce musu wai kwaleji tana horar da kowane ɗalibi, amma 'yan fadama sai haƙuri, in ba kifi ba babu abin da ke zama a kansu. Ya faɗa da Turanci, ya sake faɗa da Hausa don kada wani ya rasa rabonsa. Wannan ƙarya ce, ranka ya daɗe, kuma ka san ƙarya ce. Ba a taɓa koya mata ba, ba a taɓa koya wa Rifkatu ba, ba a koya wa ko ɗaya daga cikin waɗanda aka jera a ɗakin ba. Da kan wani baƙuwar ta tsaya, da shi ne zai ɗauki wannan kaya. Bayan baƙi sun fita, ya dawo ya tsaya a kanta a gaban 'yan'uwanta ɗalibai, ya ce ta zubar wa kwaleji da mutunci, ya ce a buɗe tagogi ɗakin ya sha iska, ƙaurin banda ya cika shi. Ƙaurin nan nawa ne. Yana jikin gashina da zannuwana, kuma shi ya kawo ta kwalejinka. A hijabinta dai babu shi, sai ƙamshin sabulu.

Na huɗu, bidiyon. Ma'aikacinku ne ya ɗauka, wanda aka sa ya ɗauki ziyarar. Ba a wayar ɗalibi aka ɗauka ba, don an karɓe wayoyinsu a bakin ƙofa. Aka yanke daidai wurin da take tambaya, aka maimaita, aka manna masa fuskoki masu dariya har da hawaye. Ba a sa inda aka ce kada su danna komai ba. Ba a sa ƙofar da take kulle tun zuwanta ba. Kafin mako ya zagayo sunanta ya koma Danna-ina. 'Yan acaɓa a bakin kasuwa, in ta wuce, sai su ce, Danna-ina, ina za a danna da ke? Ni da na haife ta ina jin nauyin furta sunanta, ga shi kun raɗa mata wani, kowane bakin banza yana tauna shi. Ranar kasuwar Kafin Hausa wani mai sayen kifi ya miƙo mini wayarsa yana ƙyaƙyata dariya, ya ce in kalli wata baƙauya. Bai san 'yata ba ce. Na kalla har ƙarshe, na ɗaure masa kifinsa, na ce Allah ya kai shi gida lafiya.

Yanzu tana gida. Ta biyo kwalekwale ta dawo, ruwa ya ci hanya amma bai hana ta gudu daga wurinku ba. Tana ɗaki, ba ta fita ko zaure. Wayarta a kashe. Abinci sai na tsaya a kanta. Aikin binciken da za ta gama karatu da shi yana cikin jaka ba ta buɗe ba, jarrabawar ƙarshe tana matsowa, in na yi maganar komawa sai ta juya fuska bango. Mahaifinta ya ce a bar ta, karatun ya isa haka. Ƙannenta mata suna kallo, kuma abin da suke koya ke nan: wanda ya yi tambaya a makaranta ya zama abin dariya. Wannan shi ne abin da yake hana ni sukuni.

Na biyar, zuwana. Na bar banda, na shiga kwalekwale, na hau mota, na zo ofishinka. Na zauna a benci tun hantsi har aka yi azahar. Mai tsaron ofishin ya ce kana taro. Da na ce ƙorafi na kawo, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yanzu ba a karɓar ƙorafi da baki, in aika ta intanet. Ban san ko izgili yake yi ba ko dokarku ce, kuma ban san wanne ya fi muni ba. Da zan tafi na nemi ɗakin da kaina. Na karanta allon da ke saman ƙofa a hankali, harafi bayan harafi, ban tambayi kowa ba. Ƙofa a rufe, amma na leƙa ta taga. Kujeru har yanzu da ledarsu. Kwamfutoci an lulluɓe su da ƙyalle. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ashe ranar akwai mai. Mutum biyu suna miƙe a kan darduma, takalmansu a gefe, wayoyinsu suna caji. A waje kuwa ɗalibai ne a gindin bishiya suna karɓa-karɓa da takarda ɗaya.

Mu mutanen fadama mun san ciyawar kachalla. Baƙon da ya wuce a mota zai hango ta kore shar, ya ce kai, mutanen nan sun yi shinkafa. Ba a cin ta, kuma ita ce take toshe hanyar ruwa ta kashe gonar da ke bayanta. Laburarenka ke nan, ranka ya daɗe. An yi shi don mai wucewa.

Ga abin da nake roƙo. A buɗe ɗakin kullum, ba sai an ji ƙarar motar baƙi ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ba kowane ɗalibi da kowane malami lambarsa tun makon da ya shigo, kuma kada ta zama a hannun mutum ɗaya wanda jan-baki za su iya raba shi da ofis. A zaunar da su aji-aji a koya musu, malamai su fara, a nuna musu yadda ake buɗewa a waya, saboda yaran da ruwa kan tsare a ƙauye. A sa wanda zai zauna a ɗakin wanda in an tambaye shi ina za a danna, zai miƙa yatsa ya nuna.

Sannan babban roƙona. Jami'in nan ya tsaya a gaban ɗaliban da ya wulaƙanta ta a gabansu, ya faɗa da Turanci, ya sake faɗa da Hausa, cewa bai taɓa koya mata ba. Wanda ya iya ɗaukar bidiyo ya ɗauki wannan ma, ya bi da shi hanyar da na farko ya bi. Ban ce a kori kowa ba, suna da iyali. Kuma ina roƙonka don girman Allah, kada wannan wasiƙa ta koma kan sakamakon jarrabawarta, ko na Rifkatu.

In kuwa duk wannan ya yi muku nauyi, kuma baƙi za su sake zuwa, to ku aiko a kira ni. Na fi 'yata iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Na yi rabin rayuwata ana miƙo mini takarda a asibiti da wurin rabon taki, in kafa mata ido, in gyaɗa kai kamar mai karantawa, ba wanda ya taɓa gane ni. Ba na danna komai, ba na ɗago kai, ba na tambaya. Zan yi wanka sosai saboda hancin jami'inku. Ita kuskurenta ɗaya ne: ta ɗauka makaranta wurin tambaya ce, kuma ni na gaya mata haka.

Hijabin na sake wanke shi, na goge, yana rataye a inda take ganinsa. Kwalekwale yana tashi kowace safiya. Abin da zai sa ta shiga yana hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka. Allah ya raya maka 'ya'yanka, ya sa duk ranar da ɗayansu ya juya ya tambayi malaminsa, ya samu wanda zai nuna masa.

Wassalam.

Uwar yarinyar da ke kujerar bakin taga,
daga ƙasar Guri.