Sautin da Na Aika wa Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya kunnen Baba? Allah Ya kawo sauƙi.

Raina a jagule yake, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin tuna sautin da na aiko wa Baba bara? Na ce muku kumbonmu ya isa iyakar wata duniya, inda maganaɗisunta ke tare iskar da ke kwararowa daga rana, wurin yana kaɗawa kamar igiyar ruwa. Na mayar da kaɗawar sauti don Baba ya ji, shi da ya tsufa yana gyaran rediyon mutane, kunne manne a jikinsu.

To, ba duniyar ba ce. A aikinmu, na'urar awon maganaɗisu a kan doguwar sanda ake ɗora ta, nesa da jikin kumbo, don kada ta ɗauki motsin wayoyinsa. Ashe sandarmu ba ta gama miƙewa ba. Abin da na yi shekaru ina nazari, har na tsaya gaban manya ina baza ilimi, wata 'yar hita ce mai ɗumama batir. Shugabanmu ya kashe ta don gwaji, layin da ke rawa a allon kwamfutata ya kwanta. Ya sake kunna ta, layin ya tashi. Ko hawaye ban samu ba, kofin shayina na ɗauka na je na wanke.

Aikin ya rushe, na haɗiye. Baba ne ya tsaya mini a rai. Kin ce duk wanda ya shigo shagonsa sai ya kunna masa sautin, ko mai tambayar hanya bai tsira ba. Zan zo in gaya masa da bakina.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, saƙonki ya iso. Innalillahi. Ashe kunnen ya rufe gaba ɗaya.

Kin ce sautin nan ne abu na ƙarshe da ya ji sosai, kuma yanzu wayar yake mannawa a kumatu don ya ji motsinta, yana murmushi. Yaya, na kasa cin abinci. Ko na zo na faɗa ba zai ji ba, rubutawa kuwa hannuna ba zai iya ba.

Ki bar shi da abinsa. Idan wayar ta mutu, ki sa masa caji.

Taki,
Auta