Baƙin Ɗigo a Bakin Tsuntsu

Sawai, 9 ga Janairu

Abang Taher, mijina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma tarin nan ya sake ka. Yaya Ambon da aiki? Mu nan sai godiya, sai dai tuwon sago ba ya daɗi in babu mai yi mini ƙorafin yaji.

Albishirinka! Ka tuna Jumiati, ɗalibata, jikar Tete Saleh masunci? Na ara mata kyamarar makaranta, ta bi kakanta zuwa tudun yashin da tsuntsayen teku masu tukku ke sauka. Cikin hotunanta akwai tsuntsu ɗaya mai baƙin ɗigo a ƙarshen baki. Namu na gida bakinsu rawaya ne zalla. Mai baƙin ɗigo baƙo ne daga Sin, kuma 'yan kaɗan suka rage a duniya. Da na gani sai da na zauna.

Ƙungiyar masu ƙidayar tsuntsaye ta Ambon za ta ɗauki ɗalibi ɗaya tak ya bi jirgin ruwansu, wato wanda ya aika rahoto mafi kyau kafin Juma'a. Shekara biyu Jumi tana wannan mafarkin.

Tete Saleh dai dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai, “Ibu Guru, malamarmu, karatu ya yi miki yawa. Wannan ba daga Sin ya zo ba, daga cin sontong ya zo, kifin nan mai baƙar tawada. Ko ni in na ci, haka bakina yake.” Na ce ya tsaya ga komarsa, ni in tsaya ga littafina.

Ka gaida Mama Halija.

Taka har kullum,
Rosdiana

Sawai, 27 ga Janairu

Abang,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, zan faɗa maka abin da na ji kunyar faɗa a waya.

Tsohon nan ya fi ni gaskiya. Maganarsa ta tsaya wa Jumi a rai, ta zauna ta bi hotuna ɗari uku ɗaya bayan ɗaya. Hoto biyu kafin namu, ga tsuntsun da ɗan sontong a baki, kifin yana fesa tawadarsa. A wanda ya gabace shi kuma, bakin tas yake. Ta nuna mini gadon bayan tsuntsun, toka-toka mai duhu irin na maƙwabtansa, alhali na baƙon ya kusa fari. Abang, na ga wannan bayan tun ranar farko. Na ce wa kaina inuwa ce, saboda ina so ya zama shi.

Ga abin da ya fi muni. Na yi tunanin a aika hoto ɗayan kawai, wa zai sani? Kafin in buɗe baki ta ce, “Ibu, ukun zan aika, in rubuta yadda ya ruɗe mu.” “Mu” ta ce, don ta rufa mini asiri. Na gyara mata rubutun, ban taɓa ma'anar ba. Ta aika tana share hawaye, don ta riga ta fid da rai.

Jiya amsa ta zo. Sun ce hotunan baƙo na ƙarya suna samun su duk shekara, amma ba su taɓa samun wanda ya kama kansa da kansa ba. Sun ɗauke ta, har suna neman izinin koyarwa da hotunan.

Tete Saleh ya aiko mini da sontong kwano guda, da saƙon in goge baki bayan na ci, kada a rubuta ni a littafin tsuntsaye.

Za ta sauka can wajenku, a tashar jirgin ruwa ta Tulehu, ranar Talata, jirgin safe. Ba ta taɓa barin tsibirinmu na Seram ba. Don Allah ka je da kanka. Za ka gane ta, ita ce wadda kowa ke kallon gaba ita tana kallon sama.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Rosdiana