Sharhin Baba a Cikin Kwamfuta

Haɗejiya,
9 ga Satumba, 1997.

Yaya Filibus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Kaduna, yaya Anti Jumai da yara? Mama tana gaishe ku.

Jikin Baba da sauƙi. Hannun hagu yana motsi, amma ɓarin dama shiru, magana kuma har yau ba ta dawo ba. Gidan ya yi mini faɗi tun da babu mai tsokanata.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne kwamfutar da ka kawo masa. Ka san tun bara yake zuba wasanninsa na ces, darar Turawan nan, a ciki, yana rubuta sharhi a ƙarƙashin kowane taku. Na sa rai ko bakinsa bai buɗe ba, muna da maganarsa a can. Jiya abokin wasansa Malam Zarami ya zo dubiya daga Guri, ya ce bai taɓa ganin Baba ya danna maɓallin adanawa da ka nuna mana ba. In ya gama sai ya kashe soket ya rufa mata zane, yadda ya saba yi wa tafiretarsa a ofis. Wai abin da aka buga ya bugu.

Yaya, na kasa kunna ta, don muddin tana rufe ina da sauran fata. Ka faɗa mini gaskiya, wasannin da sharhinsa sun tafi ke nan?

Ƙanwarka,
Rahila.

Haɗejiya,
28 ga Satumba, 1997.

Yaya Filibus,

Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Ruwa ya yi yawa bana, hanyar Kirikasamma ta yanke, amma unguwarmu lafiya lau.

Wasiƙarka ta iso, kuma ba ta taimake ni da komai ba, tunda kai ma cewa ka yi ba ka sani ba. Ranar Lahadi bayan sujada na yi addu'a na yaye zanen.

Suna nan, Yaya! Duka! Ashe da zarar ya rubuta sharhi, ita da kanta take adanawa. Na zauna a ƙasa na yi kuka har Mama ta shigo a guje, ta zaci wani abu ya faru.

Kai ma ba ka tsira ba. A wasanku na Kirsimeti ya rubuta cewa ka ba da dokinka saboda gaggawa, yadda kake afka wa tuwo da zafinsa. Na karanta wa Baba da ƙarfi, sai kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya ce, da rabin baki, amma tasa ce.

Wasa na ƙarshe bai ƙare ba. Sharhinsa ya ce Zarami ya zaci ya ritsa shi, gobe zai nuna masa. Washegarin ne ya faɗi.

Jiya Malam Zarami ya zo, na jera musu allo daidai inda suka tsaya. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya tura sarauniya da hannun hagu. Malam Zarami ya cire hula ya dafe kai. Ni na rubuta sharhin wannan takun, Baba yana gyaɗa kai, kuma na kashe soket yadda yake yi.

Taka,
Rahila.